Goggo Ta Ce Sai Ruwa Ya Samu Mafita

Da asuba, tun ba a iya bambanta mutum da kututture, Goggo ta riga ta sauka rafi ya fi sau goma. Bokiti biyu take ɗauka, ɗaya a kowane hannu, ta hau gangaren nan mai santsi, ta juye a komin albasa, ta koma. Wata rana da na je gyara mata shingen lambun na tsaya na ƙirga: sawu hamsin da huɗu kafin rana ta yi zafi. Da na faɗa mata sai ta ce, "To, da ka gama ƙirgar, ya ragu ne?"

Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar uwata. Ni magini ne. Na shekara ashirin da wani abu ina kwaɓa siminti, na gaji da mutanen da ke cewa gobe da sassafe za su kawo yashi. Shi ya sa nake jin daɗin zama da Goggo, duk da ba ta da daɗin zama. Ba ta yi maka alkawari. In ka ga ta ɗaura ɗamara, to ka matsa kawai.

Lambun nata shi ne na can ƙarshen kwari, inda ƙasa ta fi faɗawa. Ba zaɓarsa ta yi ba. Da mijinta ya rasu aka raba gonaki, shi aka tura mata, don babu mai so. Shekarar da ta gabaci rabon gonakin, ambaliya ta kwanta a wurin wata biyu, da ruwan ya ƙafe sai ƙasar ta fito fara fat kamar an barbaɗa gari. Gishiri ne ya taso daga ƙasa. Ko ciyawa ba ta yarda ta tsiro ba. Ina yaro na ga Goggo tana kankare farin nan da fartanya, tana kwashewa a kwano tana kaiwa nesa, tana ɗebo yashi da kashin awaki tana zubawa. Shekara bakwai tana haka kafin ta cire albasar da za a iya kai wa kasuwa ba a yi mata dariya ba. Tun daga nan ta koyi wata ɗabi'a: duk komin da za ta shuka, sai ta ɗebi ƙasa da yatsa ta lasa. Mutane na cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne, tun tana da ƙuruciyarta take yi.

A bara aka zo mana da maganar aikin ban-ruwa. Za a yi madatsa a saman rafi, a jawo babbar magudana ta ratsa gonaki, ruwa ya zo wa kowa har bakin kominsa. Aka kira taro a ajin makarantar yara. Manya muka zazzauna a kan bencin yara, gwiwoyinmu sun kusa taɓa haɓa. Injiniyan da aka turo, wani siriri ne mai sanyin murya, ya manna taswira a allo. Kusa da shi Ciyaman na kwamitin manoma ya tsaya yana gyara hula. Ciyaman ƙanin marigayi mijin Goggo ne, mai shagon kayan masarufi. Allah ya ba shi murya, shi kuma bai taɓa barin ta ta huta ba.

Injiniya ya ja layi a tsakiyar allo. Gefe ɗaya ya rubuta amfani: noma sau biyu a shekara, wasu ma sau uku, ba sauran ɗaukar bokiti, matasa za su samu abin yi da rani. Ɗaya gefen ya rubuta abin da za mu rasa: kowa zai ba da wani yanki na gonarsa inda magudana za ta bi, za a riƙa biyan kuɗin gyara duk shekara, sauro zai ƙaru. Duk wannan aka saurara ana gyaɗa kai. Sannan ya yi gyaran murya ya ce akwai zaɓi guda da mu za mu yi. Abin da aka ware ba zai isa komai ba. Ko dai a ja magudana har gonakin tudu, kowa ya samu, ko kuma a tsaya a rabin hanya, da abin da ya rage a gina lambatu a ƙasan kwari, wanda zai riƙa fitar da ruwan da ya yi yawa zuwa kwazazzabo. Ya ƙara da cewa, ƙasa-ƙasa, shi dai na biyun ya fi kwanta masa.

Ciyaman ya juyo ya dube shi. "Injiniya, tsaya in fahimce ka. Cewa kake mu ɗauki dukiya mu gina hanyar zubar da ruwa?"

"Ruwan da ya yi yawa, ranka ya daɗe."

"Mu? Mu da muka tsufa muna kallon sama kamar masu ciwon wuya? Jama'a, wa ruwa ya taɓa yi wa yawa a nan?"

Ajin ya ɗauki dariya. Ni ma na yi. Gonata a tudu take, in aka tsaya a rabin hanya ko ɗigo ba zan gani ba. Da aka ce masu son a kai tudu su ɗaga hannu, nawa na cikin na farko. Ba zan ɓoye wannan ba.

Daga bakin ƙofa, inda ta tsaya da laka a ƙafa, Goggo ta ce, "Ruwan da za ku zuba a tudu, in ya gama aikinsa, ina zai je?"

"Cikin ƙasa mana, matar Yaya," in ji Ciyaman.

"Daga cikin ƙasa fa?"

"Wannan kuma sai ki tambayi ƙasar."

"Na tambaye ta, shekara bakwai. Lambuna zai zo."

"Kai, matar Yaya! Mutane na kukan ƙishirwa, ke kina kukan ƙoshi."

"Ka rufe mini baki. Na zo gidanku kana yawo ba wando, yau kuma ka yi hula."

Aka sake fashewa da dariya, maganar ta bi iska. Kafin a tashi Injiniya ya faɗi sharaɗi. Duk mai gona a cikin taswirar sai ya dangwala yatsa a takarda cewa ya yarda. In mutum ɗaya ya ƙi, ba a farawa. Kwana casa'in aka ba mu, in suka wuce za a kai aikin wani wuri. Aka yi layi ana dangwalawa. Goggo ta juya ta koma lambunta.

Washegari ta aika a kira ni. Na tarar da ita tsaye kan wani tsohon duro.

"Raba mini wannan gida biyu. Rabi ɗaya ka huda masa gindi, ɗayan ka bar shi."

"Goggo, ina da aiki a jiran ni."

"Ni ma. Raba."

Na raba. Ta cika su duka da ƙasar lambunta, ta dasa albasa shida-shida, ta jera su a rana gefen shinge. Kullum safe tana zuba musu ruwa daidai wa daida, ba ɗan yayyafin bokiti ba, malala sosai irin wadda magudana za ta yi. Ba ta ce wa kowa komai ba.

Su kuwa mutane ba su bar cewa ba. Aka fara da lallashi. Ciyaman ya je da kansa, ya turo dattawa, ya turo 'yarta daga gidan miji. Da lallashi ya ƙi sai aka koma fushi. Matan da ke sarin albasarta suka daina zuwa. A hanya sai ta yi gaisuwa a amsa mata da ka. Ni ma ban tsira ba. Matata ta tare ni da la'asar ina wanke cebur ta ce, "A bakin famfo yau an tambaye ni ko taurin kai gado ne a danginku. Ka je ka yi mata magana mana, kai kaɗai take ɗan saurara."

Na je. Na same ta a ɗakinta ta miƙe ƙafafu a tabarma tana shafa man zafi a gwiwa. Gwiwoyin sun kumbura kamar tulu. Ɗakin ba komai sai gado, akwatin ƙarfe, da buhunan iri da ta rataye a bango don ɓera.

"Goggo, dubi ƙafarki. Wa ya fi ki bukatar ruwan nan?"

"Babu."

Na ci gaba da tsayuwa a kanta, ni da na zo da shirin gardama.

"Zauna, Magini, ka daina tsaya mini a kai kamar mai karɓar haraji. Kana tsammani ban auna ba? Da bokiti, ƙafar nan in ta yi mini kirki ta ƙara shekara biyu. In ruwa ya zo bakin komi, zan yi goma ina zaune ina buɗe masa da fartanya. Kana ganin ban so?"

"To ki dangwala mana."

"In na dangwala ba mafita, shekarar farko zan yi albasar da ban taɓa yi ba, kowa ya ce ga tsohuwa ta ji kunya. Ta biyu haka. Ta uku ƙasa ta fara jiƙa ba ta bushewa. Ta huɗu ta yi fari. Wancan karon shekara bakwai na yi ina gyara, ina da ƙarfina. Yanzu wa zai ara mini bakwai?"

"In kuma kika ƙi, kowa ya rasa. Yaran nan da ke tafiya birni duk rani, su ci gaba da tafiya. Ni ma gonata ta ci gaba da zama filin awaki."

"Na sani. Shi ne abin da ke hana ni cin abinci." Ta rufe kwalbar man. "Ban ce kada a yi ba. Cewa na yi a buɗe wa ruwa ƙofar fita. Kai da kake gina ɗaki, ka taɓa gina banɗaki ba rariya?"

Ban taɓa ba. Na tashi na fita ina jin haushinta, ina jin haushin kaina.

Bayan mako shida aka sake kiran taro, don a kunyata ta a gaban jama'a. Ta sa na ɗora rabin duron nan biyu a baro, na tura har cikin ajin, ina haki ina tsine wa ranar da na koyi yanka ƙarfe. Mai hudajjen gindin, albasarsa ta miƙe kore shar. Ɗayan kuwa ganyen ya yi rawaya ya kwanta, ƙasar ta yi caɓi tana wari, ga wani farin zobe ya kewaye bakin duron.

"Ƙasa ɗaya, iri ɗaya, ruwa ɗaya," in ji Goggo.

Ciyaman ya yi caraf ya karɓe. "Matar Yaya, ai gona ba duro ba ce."

"Tawa duro ce. Haƙa ƙafa uku ka ga yumɓun da ke ƙasa, ko allura ba ta wucewa."

Injiniya ya ce gaskiya ne, ya gani a ramukan gwajin da suka yi. Wani daga baya ya ce wa ya sani ko gishirin miya ta barbaɗa. Goggo ta lakato farin da yatsa ta miƙa wa Ciyaman.

"Lasa ka faɗa musu."

"Ni? Allah ya sawwaƙe. Ina da hawan jini."

Injiniya ne ya matso ya lakata ya lasa. Ya yamutsa fuska ya tofar ta taga. "Wannan ba na miya ba ne, yana da ɗaci. Na ƙasa ne." Ya ce in ba a yi lambatu ba, ba lambun Goggo kaɗai ba, gonaki takwas na ƙasan kwari za su iya zama haka, ɗaya bayan ɗaya.

To a nan ne abin da ya fi ƙona mini rai ya faru. Kowa ya gani da idonsa, kowa ya ce lallai tsohuwa tana da gaskiya. Aka ce a sake ɗaga hannu. Hannuwan da suka tashi wancan karon su suka sake tashi, har da na mutum uku daga cikin takwas ɗin da aka ce gonakinsu za su mutu. Na tambayi ɗaya daga baya, ya ce shi dai zuciyarsa ba za ta bar shi ya zaɓi a zubar da ruwa ba. Ni ban ɗaga ba a wannan karon, amma ban ɗaga wa lambatun ba ma. Na zauna ina kallon farcena.

Ciyaman ya samo mafita irin tasa. "Shi ke nan, a kai ruwa tudu. Lambatu kuma mu za mu haƙa da hannunmu. Maza nawa ne a nan? Arba'in! Matar Yaya, dangwala, da an fara aiki za ki ga ƙura."

"Ku haƙa, in dangwala."

"Ba ki yarda da mu ba ke nan?"

"A'a."

Injiniya ya ce lambatun hannu ba zai kai na siminti ba, amma ya fi babu. Washegari ya zo ya kafa turaku daga ƙasan lambun Goggo zuwa kwazazzabo. Taku ɗari huɗu ne, da hanyar mota a tsakiya. Saura kwana arba'in da ɗaya.

Ranar farko, cikin maza arba'in, sha ɗaya suka zo. Ciyaman ya zo da farar riga da sabon cebur, takardar shago ma ba a ɓare ba. Ya soka shi sau uku aka ɗauki hoto, sai ya tuna ana jiran sa a shago. Rana ta biyu mutum huɗu. Rana ta uku na biyo ta wurin zan tafi wani ginin da na karɓa, na hango mutum ɗaya a cikin ramin. Goggo ce, ta gama sawunta hamsin da huɗu na bokiti, sannan ta ɗauki diga.

Na sauka da niyyar in yi mata faɗa. "Goggo, ke kaɗai sai ki shekara biyu ba ki kai ba. Kashe kanki za ki yi?"

Ba ta ɗago ba. Ta ƙara sara biyu, ta miƙe tana dafe da ƙugu, ta miƙo mini digar. "Riƙe mini, in sha ruwa."

Riƙon da na yi ke nan har kwana talatin da takwas. Mai ginin ya jira ni mako guda ya ba wani. Matata ta yi kwana uku ba ta yi mini magana, a na huɗu ta kawo mana abinci bakin rami, ta ajiye da ƙarfi ta ce ba don mu ta kawo ba, don kada a ce ta bar miji da yunwa ne. Matar wani tela da ƙanwarta, masu lambu kusa da na Goggo, suka fara zuwa suna kwashe ƙasa da kwanon sarki. Sai wani mai gyaran keke da ba shi da ko taku ɗaya na gona. Na tambaye shi me ya kawo shi, ya ce daga rumfarsa yana hango tsohuwa tana sara, abin yana hana shi ɗaure sipok, wayoyin ƙafar keke, daidai.

Aiki da Goggo azaba ne. Na kawo tiyon da muke gwada daidaito da shi a gini, ta ce in ajiye kayan wasana. Ita awonta ɗaya ne. Duk taku goma sai ta ɗebo bokiti ta juye a farkon ramin, ta bi ruwan a ƙafa, a sunkuye, kamar mai rakiyar baƙo. Inda ya tsaya ya taru, nan za ta soka sanda ta ce a ƙara zurfi. Sau da yawa awonta da na tiyona sukan zo ɗaya, amma ko sau ɗaya ba ta yarda ta faɗa ba.

Kuma kada wani ya ɗauka ba ta kuskure. A wajen taku na ɗari da hamsin ta kafe cewa turakun Injiniya sun yi zagaye, a yanke ta gindin wata bishiya. Na ce akwai dalilin da ya sa ya kauce. Ta ce dalilin shi ne bai taɓa riƙe diga ba. Muka bi tata. Ƙafa biyu muka ci karo da dutse shimfiɗe kamar tabarma. Kwana uku muka ɓata, diga ɗaya ta karye, muka dawo kan turakun. Na jira ta ce wani abu. Da muka zauna hutawa ta ce, "Wannan diga taka dama ba ta da kyau."

Saura kwana tara, muna taku ɗari biyu da sittin, hannuwana sun fashe, bayana ba ya miƙewa sai na dafa bango. Lissafi ya nuna ba za mu kai ba. Ciyaman ya zo da takardar a cikin jaka, ya tsaya a bakin ramin yana kare takalminsa daga laka.

"Matar Yaya, kin yi ƙoƙari, kowa ya shaida. Ga shi an yi fiye da rabi. Dangwala, sauran mu ƙarasa a hankali."

"Ruwa ba ya fita ta rabin hanya."

"Saura kwana tara fa! Za ki jawo wa gari asara saboda albasa?"

"Saura taku ɗari da arba'in. Ceburinka na nan, ko ka sayar?"

Ya tafi yana sababi. Ban san me ya faɗa musu ba, amma da safe maza ashirin da wani abu suka sauko kwarin, kowa ya sha mur. Ba wanda ya gaishe ta. Sun gane dai da gaske tsohuwar nan za ta bar kwanakin su ƙare. Suna sara suna zagi, wai mace ɗaya ta mai da su leburori, wai Allah ya isa. Ban taɓa ganin aiki ya yi sauri kamar na mutanen da ke cikin fushi ba. Abin da muka yi mako uku muna fama, suka yi irinsa a kwana biyar. Goggo na bin su da bokitinta da sandarta tana cewa nan bai yi ba, su kuma kamar su haɗiye ta. Injiniya ya samo tsofaffin bututun siminti biyu, muka fasa hanyar mota, na shimfiɗa su da hannuna na rufe.

Saura kwana biyu aka ɓulla kwazazzabo. Ciyaman ya fito da takarda da tawada tun ƙurar ba ta kwanta ba. Goggo ta ce sai an gwada. Aka yi layi daga rafi ana miƙa bokiti, aka cika duro huɗu a bakin lambunta, aka tuntsurar da su a lokaci guda. Ruwan ya kama hanya, ja, yana tura ganye da tsinke a gabansa. Goggo ta bi shi a gefe tana ɗingishi, mu kuma muna bin ta a baya, mutum kusan hamsin. Ya wuce bishiyar da ta ɓata mana kwana uku. A bakin bututuna ya ɗan tsaya ya taru, sannan ya shige ya fito ta ɗaya gefen. Da ya kai ƙarshe ya rage kaɗan, bai fi kaurin hannu ba, amma muka ji ƙarar zubarsa a cikin kwazazzabo.

Injiniya bai yi mata ƙarya ba. "Mama, wannan rabin abin da ake bukata zai ɗauka. Kuma in ba a yashe shi duk shekara ba, damina biyu ta cike shi."

"Na ji. Rabi ya fi duro."

"Yasa kuwa ai ba matsala," in ji Ciyaman. "Duk shekara, mu arba'in..."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta goge babban yatsanta a zani, lakar ba ta fita duka ba, ta danna a tawada ta danna a takarda. Tambarin ya fito rabi shuɗi rabi ja. Injiniya ya duba ya ce zai wuce.

Yau wata biyar ke nan. Takarda ta tafi, an ce an karɓa, an ce ana nazari. Ko tarakta ɗaya ba mu gani ba tukuna. Ko za su zo, ko lambatun zai riƙe in sun zo, ban sani ba, kuma na daina tambayar masu cewa sun sani. Ni ranar gwajin ma ban kwana a gida ba, don aikin da na rasa ya sa dole na karɓi wani a nesa, har yanzu ina can.

Da na ɗauko jakar kayan aikina a ranar, na hau bayan motar yashi, ta bi ta kan hanyar da muka fasa. Ciyaman na tsaye a kan tulin ƙasa yana jawabi, ina jiyo shi yana cewa da haɗin kai da jajircewar kwamiti. Mutane sun kewaye shi. Goggo ba ta cikinsu. Tana can ƙasa a bakin bututun, inda ruwan ya ɗan tsaya, ta soka sandarta. Da ta ga ni a kan motar ta ɗaga murya.

"Magini! Bututunka ya ɗaga kai!"

"Yatsa ɗaya ne kawai, Goggo!"

"Yatsa ɗaya ruwa ya gani!"

Direba bai tsaya ba. Na waiwaya na ga ta tattare zani, ta zauna a bakin ramin ta zura ƙafafun nan masu kumburi a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ta jawo fartanya, ta sunkuya, ta fara kankare ƙasar da ke gaban bututun.